Allurar Barci da Harshen Uwa: Nazari a kan Sa Wa Yara Barci Domin Duba Ido a Ƙasar Ungogo

Gabatarwa

Daga cikin wuraren da nazarin Hausa bai cika leƙawa ba akwai ɗakin likita. An yi rubuce-rubuce a kan magungunan gargajiya da sunayen cututtuka da surkulle, amma ba kasafai ake tsayawa a dubi 'yan kalmomin da ma'aikaciyar asibiti kan faɗa wa uwa cikin minti biyu, ita kuma ta ƙulle su a bakin zane ta tafi da su gida ba. Wannan maƙala za ta ɗauki wuri guda, watau lokacin da ake bukatar a ba yaro ƙarami maganin da zai sa ya kwanta lamo domin a duba cikin idonsa ko a ɗauki hoton kansa. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa wani babban sashe na tsaron ran yaron nan yana rataye ne a wuyan kalmomi na yau da kullum, irin su "ci" da "sha" da "nono" da "azumi" da shi kansa "barci", waɗanda likita ke faɗa da wata manufa, uwa kuma ta ji su da manufar da harshenta ya ba su.

Inda aka ɗauki misali

Ungogo ƙaramar hukuma ce da ta rungumi birnin Kano ta arewa. A cikinta akwai Fanisau da Rangaza da Gayawa da Karo da Kadawa da Yadakunya, sa'an nan da unguwanni irin su Bachirawa da Rijiyar Zaki waɗanda birni ya riga ya haɗiye. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da 360,000. A ƙasar nan ce Mortimore da Wilson suka yi binciken da suka buga a 1965 a kan yawan jama'a a karkarar Kano, inda gona ke jingine da gona, jakuna na kai itace birni suna komowa da taki. Abin da ya shafi wannan maƙala a bayanin nasu shi ne kusanci. Mutumin Ungogo yana iya karya kumallo a gida, ya shiga birni, ya komo kafin la'asar. Saboda haka idan aka tura ɗansa Asibitin Ido na ECWA, wanda 'yan mishan suka buɗe a 1943, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988, ko Asibitin Murtala, ba ya kawo kwana a ransa. A gida ake shirya yaron, a hanya da gida kuma maganin ke ƙarasa sakinsa. Ke nan cikin matakai uku na wannan aiki, na farko da na ƙarshe a hannun uwa suke, kuma ba ta da wani makami a cikinsu sai maganar da aka gaya mata.

Abin da ke sa a nemi yaro ya kwanta

Babba in aka ce ya buɗe ido ya dubi kunnen likita, sai ya yi. Ɗan shekara biyu kuwa da ya ga fitila ta doso shi zai runtse, ya sandare, ya ƙwalla ƙara. Dannewa takan yi amfani a ƙaramin dubawa, amma akwai inda take ɓata aikin gaba ɗaya. Alal misali, yaron da aka haifa da cutar da ake kira hawan jinin ido (sunan ya ɗan kauce, domin ruwan cikin ido ne ke taruwa, jini bai shigo ciki ba) yakan zo da zubar hawaye da gudun haske, idon ya girma ya yi hazo. Abin da ake so shi ne a auna matsin ruwan nan. To, kuka da runtsewa su kansu suna ɗaga matsin, sai awo ya fito da ƙarya.

Wadda ta fi wannan nauyi ita ce sankarar ido ta yara, wadda ke tsirowa a tantanin gani da ke can ƙarshen ƙwayar ido. Takan sami kimanin jariri 1 cikin 15,000 zuwa 20,000, kuma galibi kafin shekara 5 take bayyana. Alamarta ta farko wani fari ne da ke ƙyalli a tsakiyar baƙin ido, kamar idon kyanwa in an haska ta da dare. A nan ma harshe yana da hannu, domin da yawa za su kira wannan fari hakiya. Amma hakiya tabo ce da ke zaune a fuskar ido, wannan kuwa daga ciki yake haskowa, kuma watannin da za a ɓata ana ɗiga maganin hakiya su ne watannin da sankara ke bin jijiyar gani zuwa ƙwaƙwalwa. Wani babban bincike da ya tattara yara 4,351 daga ƙasashe 153, waɗanda aka gano cutar a jikinsu a 2017, ya nuna cewa a ƙasashe masu arziki ana gano ta ne yaro yana da kimanin wata 14, a ƙasashe matalauta kuwa sai ya kai wata 30. Da aka bi sawun yaran shekara 3, a rukunin farko fiye da 99 cikin 100 suna raye, a na biyu kuwa kimanin 57 ne kurum. Irin wannan yaro sai an buɗe idon da ɗan ƙarfe, an juya ƙwayar, an duba kowane lungu, kuma ba sau ɗaya ba, domin a farkon magani akan maimaita duban bayan 'yan makonni.

Sa'an nan ga ɗaukar hoto. Hoton sikanin na ido ba ya cika bukatar magani. Hoton CT ma yanzu cikin ɗan lokaci ake gama shi, sai dai yana aiki da haske mai ratsa jiki, wanda likitoci ke ƙi wa yaron da ake zaton ya gaji sankarar nan. Abin da aka fi so shi ne hoton maganaɗisu, watau MRI, amma shi yakan ɗauki minti 30 zuwa awa guda, cikin wani rami mai ƙara kamar maƙera, kuma motsi kaɗan ya isa ya dagula shi. Yana da kyau a ambata a nan cewa na'urar tana fizgar duk wani baƙin ƙarfe, saboda haka dole a kwance wa yaro laya da guru da kambu da awarwaro, a kuma goge kwalli, don yana iya ɓata hoton daidai wurin da ake son gani. In aka ce wa uwa "a cire ƙarfe" kawai, ba za ta taɓa laya ba, tunda ita fata take gani, ba ta san abin da aka ɗinke a ciki ba.

Kalmar "barci"

Hausa tana da arzikin kalmomi a wannan fage. Akwai gyangyaɗi, akwai angaje, akwai barci, akwai magagi, akwai maye, akwai suma, akwai dogon suma. Amma da maganin Bature ya zo, sai aka zaɓar masa mafi taushinsu, aka ce "allurar barci", ko da kuwa sha ake yi ko shaƙa. Sunan yana kwantar da hankali, kuma a nan illarsa take. Mai barcin gaskiya, in harshensa ya koma baya ya toshe maƙogwaro, jikinsa zai tashe shi ya juya. In amai ya taso masa zai yi tari. Maganin nan kuwa waɗannan masu gadin ne yake fara kwantarwa.

A 1999 ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta kasa al'amarin mataki huɗu. A na farko yaro idonsa biyu, fargaba ce kurum ta ragu. A na biyu yana cikin wani abu mai kama da magagi, in an kira shi ko an taɓa shi zai amsa. A na uku sai an ji masa zafi yake motsi, kuma numfashinsa na iya bukatar taimako. A na huɗu babu abin da ke tashe shi. Abin lura shi ne babu katanga tsakanin matakan nan, gangara ce. Awon maganin da ya tsayar da wannan yaro a mataki na biyu na iya zarcewa da wancan zuwa na uku, kuma yaran da ba su kai shekara 6 ba galibi sai an kai su na uku kafin su kwanta yadda aiki zai yiwu. Shi ya sa ƙa'ida ta ce duk wanda zai ba da maganin dole ya iya ceto yaron daga matakin da ya fi wanda ya nufa zurfi. Bahaushe ya ce barci ƙanin mutuwa ne. Game da barcin tabarma wannan azanci ne kawai, game da na asibiti kuwa ya kusa zama bayanin likita.

Dalilin da ya sa abin ya fi tsanani ga yaro a ƙirar jikinsa yake. Kansa babba ne in aka gwada da gangar jiki, harshensa ya cika baki, hanyar iskarsa siririya ce. Bugu da ƙari, yana cin iskar oksijin kusan ninki biyu na babba a kan kowane kilo na nauyinsa, ajiyarsa a huhu kuma kaɗan ce. Tsayawar numfashin da babba zai jure na 'yan mintoci, jariri ba zai kai ko kusa ba.

Magungunan kansu ba sabbi ba ne. Kuloral haidiret, wanda ake ɗura wa yaro a baki, Liebig ne ya haɗa shi a 1832, aka fara ba marasa lafiya a 1869, kuma likitocin ido sun daɗe suna son sa domin ba ya cika taɓa matsin ido. Aibinsa shi ne jinkirin fita daga jiki, kuma ba shi da makari. Ketamin, wanda aka haɗa a 1962 aka amince da shi a Amurka a 1970, shi ne jakin asibitocin Afirka, domin yawanci yana barin yaro ya ci gaba da numfashi da kansa, ko da yake yana kawo dalalar miyau da rawar ƙwayar ido, wani sa'in kuma maƙogwaro ya shaƙe. Midazolam yana da makari. Furofofol yana kamawa nan da nan ya saki nan da nan, amma yana iya tsayar da numfashi, don haka sai a hannun gwani. Akwai kuma dekismedetomidin, wanda akan fesa a hanci, da aka amince da shi a Amurka a 1999. Kowannensu da nauyin yaro ake auna shi. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A nan dai ƙimar ido ba ta wadatar, musamman a inda ɗan shekara uku da tamowa ta taɓa kan yi nauyin ɗan shekara biyu. Sai an ɗora shi a sikeli a ranar.

"Ci" da "sha"

Wannan ne wurin da ɗalibin harshe ya fi kowa abin cewa. Kafin a ba yaro maganin ana son cikinsa ya zama babu komai, domin in ya yi amai alhali masu gadin maƙogwaro suna kwance, abin zai gangara huhu. Hausa tana da kalmar wannan daidai, watau ƙwarewa. Yaron da ke farke in ya ƙware zai yi tari ya fitar. Wanda ke cikin magani ba zai iya ba, kuma ruwan ciki yana da tsamin da ke ƙona huhu. Wani likita mai suna Mendelson ne ya yi bayanin wannan a Niyok a 1946, a kan mata masu haihuwa.

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce awa 6 ga abinci marar nauyi da madarar shanu da madarar gwangwani, awa 4 ga nonon uwa, awa 2 ga ruwa zalla. Abinci mai maiƙo ko nama yakan bukaci awa 8. A 2022 likitocin Turai sun rage na nonon uwa zuwa awa 3, na ruwa zuwa awa 1, saboda haka asibitoci sun ɗan bambanta, kuma abin da likitan yaron ya faɗa shi za a bi. Matsalar ita ce yadda ake juya wannan ƙa'ida zuwa Hausa.

A ce ma'aikaciya ta faɗa wa uwa, "Kada ya ci komai daga tsakar dare." Ta faɗi gaskiya, uwa kuma za ta kiyaye. Amma a Hausa kunu ba a cin sa, sha ake yi. Haka koko, haka fura, ko da kuwa an dama ta da kauri har ludayi na tsayawa. Har rake da mangwaro da lemo Bahaushe sha yake yi. Fi'ilin "sha" ya tattara duk abin da ke da ruwa-ruwa ko romo, alhali kuwa shi ciki abin da ya dame shi shi ne ko abu yana da gari da maiƙo. Kunun gyaɗa a wurin tumbi abinci ne cikakke, awa 6 yake nema. Uwar da ta ba ɗanta kofin koko da asuba, aka tambaye ta a asibiti, "Ya ci wani abu?", ta ce "A'a", ba ƙarya ta yi ba. Nahawun harshenta ne ya amsa.

In an gyara aka ce, "Ba ci ba sha, sai dai ruwa," ba a tsira ba tukuna. A karkara, ruwan da ake tarbar baƙo da shi sau da yawa farau-farau ne, watau ruwa da aka ɗan motsa fura ko gari a ciki, kuma sunansa ruwa. Shayi ma ana iya lissafa shi cikin ruwa, alhali da madara aka haɗa shi. Abin da likita ke nufi shi ne ruwan da ake hango gindin kofi ta cikinsa.

Kalmar "nono" kuwa ita kaɗai tana ɗauke da ƙa'idodi biyu. Nonon uwa awa 4 ne, nonon shanu da kindirmo awa 6. In aka ce "nono har ƙarfe biyar", matar da ta yaye ɗanta za ta fahimci nonon ƙwarya. A Kano ana iya raba gardamar da kalmar "mama", a ce "shan mama" ga na uwa, a bar "nono" da "madara" ga na shanu. Daɗin daɗawa, a wurin mai shayarwa ba wa yaro mama bai shiga lissafin ciyarwa ba ma, rarrashi ne. Yaro ya yi kuka a cikin A-daidaita-sahu, kafin ta yi tunani wata dattijuwa ta ce, "Ke, ba shi mama mana!" Da wuya 'yar shekara goma sha takwas ta tsaya yi wa sa'ar uwarta bayanin ƙa'idar asibiti.

Wasu ma'aikata sukan gudu daga duk wannan su ce, "Ki sa shi ya yi azumi." Kalmar tana da ƙarfi, kowa ya san azumi ya hana ci da sha gaba ɗaya. Amma ta zo da kayanta. Azumin da aka sani da sahur yake farawa, don haka wata za ta tashi yaron kafin alfijir ta cika masa ciki domin ya jure, watau daidai abin da ake gudu. Wata kuma za ta hana shi ko da ruwa tun daren jiya. Wannan ma cutarwa ce, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafin Kano kan haura digiri 40. Yaron da ya yini a layi ba ruwa sukarin jininsa na iya faɗuwa, jijiyarsa ta ɓuya a rasa inda za a sa allura, in kuma mai sikila ne ƙishirwa kaɗai na iya tayar masa da ciwo.

Mafita ita ce a daina dogara ga kalma mai tattarawa, a kira kowane abu da sunansa, a kuma ɗaure lokaci da abin da uwa ke ji da kunnenta. In aikin ƙarfe 9 na safe ne, ana iya cewa: "Maman yaro, daga ƙarfe uku na dare kada tuwo ko kunu ko koko ko fura ko madara su shiga bakinsa. Mama ta ƙarshe ki ba shi kafin ƙarfe biyar, wajen kiran assalatu. Ruwa zalla ki ba shi har ƙarfe bakwai, kada ki hana shi. Daga nan ko ɗigo." Sa'an nan a nemi ta maimaita da bakinta. Maganar ta fi tsawo, amma ba ta kai minti guda ba.

Akwai wani abin da ke ƙara rikita benci. Jariri ɗan ƙasa da wata uku ko makamancin haka sau da yawa ba a ba shi magani sam domin hoto. Akan bar shi ya ɗan ji yunwa, a shayar da shi ya ƙoshi, a naɗe shi a zane, ya yi barcinsa na Allah da Annabi a ɗauki hoton. Ke nan mata biyu na iya zama kusa da juna, an ce wa ɗaya ta shayar, an ce wa ɗaya kada ta kuskura, kuma a al'ada wadda ta riga zuwa ita ke koya wa baƙuwa yadda ake yi.

"Da sauƙi"

Kafin a ba da magani akan yi tambayoyi, kuma a nan ladabin Bahaushe kan zama shamaki. "Yaya jikinsa?" gaisuwa ce, amsarta "Da sauƙi," ko da mutum yana gargara. Likita kuwa so yake ya ji ko yaron yana mura ko tari ko zazzaɓi a 'yan makonnin nan, domin hanyar iskar da mura ta taɓa tana saurin shaƙewa, kuma da hunturu kusan kowane yaro hancinsa na zuba. So yake ya ji ko yana minshari, ko yana farfaɗiya, ko an haife shi bakwaini, ko yana da sikila. Kowanne sai an tambaye shi shi kaɗai. Haka "Kin ba shi magani?" ba lalle ta kamo jiƙo da dauri da rubutu ba, wani lokaci ma ba ta kamo maganin tarin da aka sayo a kemis, wanda shi kansa yana sa gyangyaɗi. A 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana maganin tari mai kodin, amma akwai wasu masu sa barci da suka rage a kanta. Binciken da Coté da abokan aikinsa suka buga a 2000 ya bi diddigin haɗurra 95 na irin wannan aiki ga yara a Amurka. A 60 daga ciki yaron ya rasu ko ƙwaƙwalwarsa ta lalace, galibi da matsalar numfashi abin ya fara, kuma haɗa magunguna da yawa na daga cikin abubuwan da suka yi ta maimaituwa.

Sai kuma batun wa ake tambaya. In ɗan fari ne, kunya kan hana uwa sakin baki a kansa a gaban manya, sai kaka ko goggo ta karɓe zancen. Ya dace a girmama ta, a ce, "Iya, a yi mana haƙuri mu ji daga bakin wadda ta kwana da shi." Ita ce ta san ko ya yi tari da dare, ita ce kuma ta san ko ta ba shi mama a hanya. Ba za ta faɗa ba in ta ga faɗa zai biyo baya, ko ta ga za a ɗage aikin alhali an ci bashin kuɗin mota. Dole a nuna mata cewa jinkirin awa huɗu ne kurum za a yi.

Neman yardar iyaye a Kano yana da tarihinsa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, aka yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Uban da ya yi turjiya a gaban takardar sa hannu yana da abin tunawa. In ya tambaya ko maganin zai taɓa ƙwaƙwalwar ɗansa, akwai amsa ta gaskiya. A 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi game da barcin da ya wuce awa 3 ko wanda ake ta maimaitawa ga 'yan ƙasa da shekara 3. Wani babban gwaji da aka buga a 2019 kuma bai sami bambancin basira ba, a shekara 5, ga jariran da aka sa wa barci na kimanin awa guda sau ɗaya. A ɗaya gefen sikelin kuwa sankara ce ko makanta.

Cikin ɗaki

Abin da ke gudana a ciki aikin ma'aikata ne, za a taƙaita. Tun 1985 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fara fitar da ƙa'idoji, kuma jigonsu shi ne a sami mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai kallon numfashin yaron, ga oksijin, ga na'urar zuƙe majina, ga abin hura iska daidai fuskar yaro. Littattafan Turai sukan ce a lura in yaro ya yi shuɗi, amma baƙar fata ba ta nuna wannan da wuri, mai ƙarancin jini ma ya fi ɓoyewa. 'Yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa, wadda Takuo Aoyagi na Japan ya gano dabararta a farkon shekarun 1970, tana riga ido gani. Ƙarancin ma'aikata dai gaskiya ne: ƙidayar da ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta buga a 2017 ta nuna Nijeriya ba ta kai likita 1 ga mutum 100,000 ba, alhali ana neman aƙalla 5.

Goyo

A cikin haɗurran da Coté ya tattara akwai yaran da suka rasu a kujerar mota ko a gida, wasu bayan an sallame su, wasu kuma bayan iyaye sun ba su maganin da kansu kafin a iso asibiti. Kai ya rinjaya gaba, haɓa ta dafe ƙirji, hanyar iska ta lanƙwashe, babu mai kallo. Kuloral yakan ɗauki kusan awa 10 kafin rabinsa ya bar jikin ɗan yaye, ga sabon jariri kuwa fiye da kwana guda. Yaron da ya farka saboda ana jujjuya shi a asibiti na iya komawa da zarar an sami shiru da jijjigar hanya.

A Ungogo babu kujerar mota ta yara, amma akwai goyo. Uwa ta saba ɗanta a baya, ta ɗaure da majanyi, ta saki hijabi a kansa saboda ƙura. Ba ta ganin fuskarsa, kansa yana lilo, zane ya matse ƙirjinsa, kuma shirunsa a wurinta alamar lafiya ce. In ya fara minshari za ta ce barci ya yi daɗi, alhali a wannan rana minshari ƙarar toshewa ce. Kalmar "barci" da aka ba ta da safe ita ce ke gaya mata ta ƙyale shi, tunda a al'ada ba a tashin yaro mai barci.

Don haka ba a sallama sai yaron ya koma yadda ya zo, yana zama ko magana gwargwadon shekarunsa, ya sha ruwa bai amayar ba, kuma ya iya zama a farke kimanin minti 20 a wuri shiru ba tare da ana taɓa shi ba. Umarnin komawa gida shi ma sai an faɗe shi da sunansa: yau ba goyo. A rungume shi a cinya, fuska a buɗe, haɓa a ɗage, kuma a zo da mutum na biyu wanda zai riƙe kaya ya biya kuɗin mota. A gida a kwantar da shi a gefe, kada a bar shi a ɗaki shi kaɗai a tafi murhu, kada a miƙa shi ga yayarsa 'yar shekara bakwai. A riƙa tashinsa lokaci-lokaci har dare. In ya ƙi tashi, ko numfashinsa ya riƙa yankewa, ko cikin leɓensa da harshensa suka dusashe, asibiti mafi kusa za a nufa nan take, ba a jira maigida ya komo daga kasuwa ba. Wannan izini kuwa tun da safe ya kamata a karɓe shi daga bakin uban, a gaban ma'aikaciya, kafin a ɗura wa yaron komai.